Uban da ya ce ko ƙanen ma zai kai shi tasha: kishin ƙasa ne ko ɓoye baƙin ciki?

Ɗan_Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Maƙwabcinmu dattijo ne mai sayar da hatsi, ɗansa soja ya rasu a bakin daga a yankin Tafkin Chadi. Da muka je gaisuwa sai wani ya ce masa, "Baba, ai da ba ku bar yaron nan ya shiga soja ba." Dattijon ya ɗago kai ya ce, "Ƙasarsa ce ta kira shi. Ko yau ƙanensa ya ce zai tafi, ni zan kai shi tasha." Wasu suka yi kabbara, wasu kuma da muka fito suna cewa wannan tsoho zuciyarsa ta bushe. Ni dai na ga hannunsa yana rawa a kan carbi lokacin da yake maganar. To yanzu ƙanen ya ce da gaske zai cike fom, uwarsu kuwa ta ce sai dai bayan ranta. Ina tambaya, irin wannan magana ta uba kishin ƙasa ce, ko dai baƙin ciki ne ya rasa ta inda zai fito? Kuma wa ya fi gaskiya tsakaninsa da uwar?

Ummu_Khalifa:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba su haƙuri. Ni ina bayan uwar. Ita ta ɗauki ciki, ita ta goya, kuma ita ce za ta riƙa zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara da dare. Ɗaya ya isa.

Bakatsine_Sak:
Ku bar batun kishin ƙasa don Allah. Wace ƙasar? Yawancin yaran da ke zuwa Depot ta Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, rashin aikin yi ne ya kai su. Ɗan talaka ya gama sakandare, ya yi acaba ya gaji, ya ga soja ne kaɗai wurin da za a ɗauke shi ba sai ya san wani babba ba. Ya mutu a daji, 'ya'yan manya suna karatu a Ingila. Tsohon nan ya faɗi abin da zai sanyaya masa rai ne kawai.

Tsohon_Saje:
Bakatsine, ɗana, akwai gaskiya a maganarka amma ba duka ba. Na sa kaki, na je Laberiya da Saliyo a zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, na san abin da ke kai mutum soja. E, da yawanmu neman abinci ne ya kai mu. Amma wanda abinci kaɗai ya kai shi ba ya tsayawa a rami ana ruwan wuta, yana jan abokinsa da aka harba a ƙafa. Wani abu ne ke shiga zuciyar mutum bayan ya yi rantsuwa, kuma iyayen da suka ga ɗansu ya dawo hutu cikin kaki su ma yana shiga tasu.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa ɗan talaka kaɗai ke mutuwa. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba 2016, wanda ya jagoranci tankokin yaƙi wajen ƙwato Baga a 2015, mahaifinsa Birgediya Janar Abu Ali ne mai ritaya, tsohon gwamnan soja na Jihar Bauchi, kuma sarkin Bassa-Nge a Jihar Kogi. Da ya ga dama da ya nema wa ɗansa kujera a ofis. Ranar da aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Abuja, hafsan hafsoshin sojan ƙasa na lokacin, Tukur Buratai, sai da ya zubar da hawaye a gaban jama'a. Birgediya Janar Dzarma Zirkusu ma a fagen daga ya faɗi, a Askira Uba, cikin Nuwamba 2021.

Bakatsine_Sak:
Baba Saje, Allah ya ƙara girma. Ban musa ba, Allah ya jiƙan Abu Ali. Amma shi duk Najeriya ta san sunansa. Kurtun da ya faɗi a gefensa fa, wa ya san sunan ubansa?

Malama_Hauwa_Zazzau:
Ina ganin duk kun tsallake wani abu da Ɗan Gwammaja ya kamata ya faɗa mana. Shin mamacin ɗan fari ne? Domin a gidajenmu uba ba ya ko kiran sunan ɗan farinsa, balle ya yi masa kuka a gaban mutane. Kakata har ta rasu ba ta taɓa ambatar sunan babban kawuna ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan". Ranar da aka kawo labarin rasuwarsa tana tankaɗe, ta ce "Allah ya jiƙan Musulmi," ta ci gaba da tankaɗenta. Mutane suka ce ba ta damu ba. Bayan sadakar arba'in ta kwanta ciwo, ba ta ƙara cikakkiyar lafiya ba. Alkunya ce. Wanda bai san gidan Bahaushe ko na Bafulatani ba shi ne zai ga idon dattijo a bushe ya ce zuciyarsa ma haka take.

Ɗan_Gwammaja:
Malama, wallahi ɗan fari ne. Kin taɓo wurin.

Abu_Sumayya:
Jama'a ku tuna kishin ƙasa yana daga cikin imani, haka ya zo a hadisi. Don haka dattijon nan yana kan daidai, uwar ce ya kamata a yi wa nasiha.

Almajirin_Malam:
Ɗan uwa Abu Sumayya, wannan magana ta yaɗu a bakin mutane amma malaman hadisi sun ce ba ta tabbata daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba. Kada mu jingina masa abin da bai faɗa ba. Son garin haihuwa kuwa ya tabbata ta wata hanyar, domin da zai bar Makka ya bayyana cewa ita ce mafi soyuwar ƙasa a gare shi, kuma ba don mutanenta sun fitar da shi ba da bai fita ba.

Batun a yi wa uwa nasiha kuma, a bi a hankali. Lokacin da ɗansa Ibrahim ke gargarar mutuwa, idanun Annabi sun zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙub, alaihis salam, da ya ce zai yi kyakkyawan haƙuri, shi ne kuma idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf. Mahaifiyar Harisa, wanda aka kashe a Badar, ta zo ta ce a gaya mata inda ɗanta yake, in yana Aljanna ta yi haƙuri, in ba haka ba ta yi kuka iya ƙarfinta. Ba a tsawata mata ba, bushara aka yi mata. Abin da aka hana shi ne kururuwa, yaga tufafi da marin fuska. Hawaye rahama ne. Kuma wanda ya zo neman izinin fita yaƙi alhali iyayensa na raye, an taɓa mayar da shi aka ce ya je ya yi ƙoƙarinsa a kansu. Saboda haka maganar uwar nan tana da nauyi.

Mai_Shayi_Bulunkutu:
Ni a Maiduguri nake. Mu da muka ga 2013 da 2014 da idonmu ba ma wasa da jinin soja. Lokacin da Bama da Gwoza suka faɗa hannun 'yan Boko Haram, garin nan cike yake da 'yan gudun hijira, kowa yana kwana da takalmi a ƙafa. Yaran wasu ne daga Sakkwato, daga Binuwai, daga Inugu suka tsaya tsakaninmu da su. Ku gaya wa dattijon nan akwai mutanen da bai sani ba suna yi wa ɗansa addu'a. Kuma kada a manta da iyayen 'yan kato da gora. Su nasu 'ya'yan ko kaki ba su da shi, da sanda da adda suka fara.

Baban_Marigayi:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a zauren nan ban taɓa sa baki ba. Yau dole na yi magana, domin abin da ya sami maƙwabcin Ɗan Gwammaja ya same ni.

Ni malamin makaranta ne mai ritaya. Na yi shekaru ina tsayar da yara a layi da safe suna rera taken ƙasa, suna alkawarin yi mata biyayya. Ɗana yana cikin yaran da suka yi ta maimaita wannan alkawari a gabana. Da ya ce zai shiga soja, da wane baki zan hana shi? Ni na sa hannu a takardarsa, ni na raka shi wurin mai unguwa da sakatariyar ƙaramar hukuma neman shaidar zama ɗan asali.

Labarin rasuwarsa ba ta hanyar hukuma ya fara iso mini ba. Abokinsa ne ya kira da wata baƙuwar lamba, ya yi sallama, ya ce "Baba," sai ya yi shiru. Daga shirun nan na gane. Ban ga gawarsa ba. A maƙabartar sojoji da ke Maiduguri aka binne shi, sai daga baya na je aka nuna mini kabarin, da allo mai ɗauke da sunansa da lambarsa. Aka kawo mana akwatinsa na ƙarfe. A ciki akwai kaki biyu a ninke, da ƙaramin Alƙur'ani, da turmin atamfa da ya saya wa mahaifiyarsa bai samu kawowa ba, har da farashin a manne. Ba ta ɗinka ba, ba ta kuma bayar ba.

A zaman makoki na faɗi irin maganar da dattijon nan ya faɗa. Na ce ina alfahari, kuma har gobe ina alfahari, ba ƙarya na yi ba. Amma ku sani, mutumin da ya faɗi haka da rana shi ne wanda ke kasa ɗagowa daga sujada da asuba. Akwai saƙon murya da ya turo mini a WhatsApp, yana cewa in gaya wa Inna ta daina damuwa, wurin lafiya lau. Ina saurarensa in na shiga gona ni kaɗai. Abin da nake so masu cewa "zuciyar dutse" su gane shi ne, idan uba bai riƙe cewa ɗansa ya mutu a kan wani abu mai daraja ba, to me zai riƙe? Ku ce masa a banza ya mutu, kun kashe masa yaron karo na biyu. Wanda ya ce masa "da ba ku bar shi ba" a wurin gaisuwa bai kyauta ba ko kaɗan. Ana zuwa ta'aziyya ne a ce ya haƙuri, a yi addu'a, a tashi.

Batun ƙanen kuwa, ni nawa ƙanen bai nema ba, ban san abin da zan yi ba da ya nema.

Ummu_Khalifa:
Baba, wallahi kun sa ni kuka. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku da Inna haƙurin rashi.

Tsohon_Saje:
Malam, na sara maka. Allah ya haɗa ku a Aljanna.

Bakatsine_Sak:
Baba Malam, Allah ya ba da haƙuri, ya sa ya huta. Ba da ku nake ba, kuma ba da yaran nake ba. Fushina yana kan waɗanda suka tura su ne. Duk mun ji zargin dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai da ya kai ga kama Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a 2015. Mun tuna Mayun 2014 a barikin Maimalari da ke Maiduguri, da sojoji suka ga an kawo gawarwakin abokansu suka harzuƙa har suka buɗe wa motar kwamandansu wuta. Mun tuna harin Metele a Jihar Borno a Nuwamban 2018, inda hukuma ta ce sojoji 23 aka kashe, kafafen labarai kuma suna ba da adadin da ya ninka haka. Uba ya ba da ɗansa da zuciya ɗaya, to a ba yaron makamin kirki mana, in ya faɗi kuma a faɗi gaskiyar yadda aka yi.

'Yar_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma nan mun sha wannan ɗaci. A Inates, cikin jihar Tilaberi, ranar 10 ga Disamba 2019 sojojinmu 71 suka kwanta dama a hari guda. Shugaba Mahamadou Issoufou ya katse tafiyarsa ta Masar ya komo, aka yi makokin ƙasa na kwana uku. Ba a cika wata guda ba sai ga Shinagodar, ranar 9 ga Janairu 2020, mutum 89. Na ga hoton gawarwakin an jera su a Yamai, kowace an lulluɓe ta da tutar ƙasa. A unguwarmu akwai wata tsohuwa da jikanta ke ciki, ita ta rene shi tun yana jinjiri. Da mata suka taru tana cewa "na ba Allah, na ba Nijar." Amma har yau in ta ga soja a kasuwa sai ta tsaya ta bi shi da kallo har ya ɓace. Abin da Baban Marigayi ya faɗa haka yake, duka biyun a zuciya ɗaya suke zaune.

Abakar_Njamena:
Haka muka gani a Chadi bayan harin Bohoma cikin Maris 2020, sojoji sama da 90. Shugaba Idriss Deby da kansa ya sauka yankin tafkin. Shekara guda bayan nan shi ma a fagen daga ya samu raunin da ya yi ajalinsa. Tafkin nan ya ci 'ya'yan ƙasa huɗu.

Maman_Grace_Mubi:
Sannunku da wannan zance. Ni Kirista ce daga Mubi, mun gudu a Oktoban 2014 lokacin da aka ci garin, sojoji ne suka ƙwato mana shi muka dawo. Ina so in ƙara wani abu da ba a cika faɗa ba. A Littafi Mai Tsarki, Sarki Dawuda ya yi kuka a kan ɗansa Absalom yana cewa da ma shi ne ya mutu a madadinsa, alhali Absalom tawaye ya yi masa. A yankinmu akwai iyayen da aka sace 'ya'yansu ƙanana aka shiga da su daji, aka ɗora musu bindiga. Waɗannan in ɗansu ya mutu ba tuta, ba gaisuwa, ko kukan ma a ɓoye suke yi don kada a ce suna tare da 'yan ta'adda. Su ma suna son ƙasar nan. Ina tuna su duk lokacin da ake irin wannan magana.

Abu_Sumayya:
Maman Grace, da wanda ya mutu yana kare jama'a da wanda ya mutu yana kashe su ai ba za a haɗa ba.

Maman_Grace_Mubi:
Ban haɗa yaran ba, ɗan uwa. Iyayen nake magana a kai, musamman waɗanda da ƙarfi aka ƙwace musu yara.

Matar_Soja:
Ku bar ni in faɗi nawa, ni da na yi takaba ina da shekara ashirin da 'yan kai. Kowa yana maganar uba da uwa, amma bayan an watse daga zaman makoki akwai wata wahalar. Ni ce aka rubuta a matsayin magajiya, to sai ga takardu: takardar shaidar rasuwa, ta aure, hotuna, wasiƙar banki, a je a dawo. Na yi ta zirga-zirga da goyo a wani ofis, yau a ce fayil bai iso ba, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ga kuma wa'adin barin gidan bariki. Surukina, Allah ya saka masa, tsoho ne amma shi ke raka ni, yana zaune a benci riƙe da ambulan ɗin takardun ɗansa. Mutumin da ya ce ya ba ƙasa ɗansa, shi ne aka bari yana jiran a kira lamba. Bai taɓa zagin ƙasar ba, sai dai ya ce "Allah ya kyauta." An biya daga baya, alhamdu lillahi, amma zaman bencin nan ya fi komai yi mini ciwo.

Injiniya_Bichi:
Allah ya ba da haƙuri 'yar uwa. Da aka binne sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta Jihar Delta cikin Maris 2024, Shugaba Tinubu ya halarta da kansa, ya sanar da lambobin girma, da gidaje ga iyalansu, da tallafin karatu ga 'ya'yansu. Abu ne mai kyau. Abin da nake fata shi ne ya zama haka ake yi wa kowane soja, ko an ɗauka a talabijin ko ba a ɗauka ba. Ranar 15 ga Janairu kowace shekara ana ajiye furanni ana sakin tattabaru don tunawa da mazan jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Da za a ce kowane gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma a ranar ya taka ƙafa zuwa gidan iyayen soja ko guda biyar ne a yankinsa, da ya fi furannin amfani.

Tsohon_Saje:
Injiniya ka yi daidai. Mahaifina ma sojan Burma ne, Turawa suka kwashe su a Yaƙin Duniya na Biyu. Yakan ce da yawa daga cikin waɗanda suka tafi tare iyayensu ba su taɓa samun ko takarda ba, sai dai shekaru su wuce a yi musu sadaka. Abin ya daɗe.

Ɗan_Gwammaja:
Na gode muku duka, musamman Baba Malam. Amma ku dawo da ni kan tambayar, domin yaron ya zo wurina neman shawara jiya da dare. Ya ce in bai tafi ba ji yake kamar ya ci amanar yayansa. Me zan ce masa?

Malama_Hauwa_Zazzau:
Ka ce masa ya je ya zauna da mahaifinsa su biyu, ba a gaban mutane ba. Maganar da dattijo ya faɗa a zaure cikin 'yan gaisuwa wataƙila ba ita zai faɗa a ɗaki ba.

Mai_Shayi_Bulunkutu:
In kowa ya riƙe nasa, wa zai tsare mu? Ni dai ba zan ce a hana shi ba.

Ummu_Khalifa:
Gidan nan sun riga sun ba da nasu, Mai Shayi. A nemi na wani gidan.

Almajirin_Malam:
Ka tambaye shi niyyarsa tukuna. In ramuwar gayya ce ke tura shi, ya dakata har zuciyarsa ta huce, domin mai fushi ba a ba shi bindiga. In kuwa aikin yake so tun asali, to ya nemi yardar mahaifiyarsa da lallashi, ya sa 'yan uwanta su yi mata magana, kada ya tsallake ta ya tafi.

Baban_Marigayi:
Ɗan Gwammaja, ɗana, kada ka yanke masa hukunci, kai maƙwabci ne. Ka bi shawarar Malama Hauwa. Kuma ana buɗe ɗaukar kurata lokaci zuwa lokaci, in shekarunsa ba su ƙure ba babu gaggawa, ya bari a yi ko shekara guda da rasuwar. In kana da hali, ka riƙa leƙa dattijon bayan la'asar ko ba ka da abin faɗa, domin bayan arba'in ƙafa takan ɗauke.

Bakatsine_Sak:
Ni har yanzu ina kan bakana, kada ya je. Amma in ya dage, ka ce masa ya rubuta sunan magajinsa daidai, ya bar kwafin duk takardunsa a gida.